Ruwan Sha Ga Mai Aikin Sa Kai A Ƙasar Zafi: Tafasawa, Kulorin, Mataci, Rana Ko Na Saye?

Malamin da shirin TAC na Najeriya, mai aika ƙwararru aikin sa kai a ƙasashen waje, ya tura Gambiya ko Saliyo na shekara biyu, da ma'aikaciyar jinyar da za ta yi wata shida a sansanonin gabashin Chadi, inda 'yan Sudan suka kwararo tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, abu guda ne ya fi kwantar da su: ciki. Gudawa, amai, taifot, shawara. Yawancinsu ta baki suke shiga, ko cikin ruwan da aka sha ko cikin abin da aka wanke da shi.

Mutumin Kano ko Damagaram yakan ce, "Ai ni cikina ya saba, da ruwan rijiya na girma." Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma sabon da ciki ya yi, da ƙwayoyin cutar garinsu ya yi shi. Bai shafi kwalarar da ta ɓarke a Sudan a 2024 ba, bai kuma shafi ciwon hanta nau'in E da ya ɓarke a sansanonin yankin Waddai na gabashin Chadi, har da Adre, a 2024 ba. Nau'in E ɗin nan ya fi yi wa mai ciki illa. A watannin ƙarshe na goyon ciki yakan kashe har ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda ya kama.

Sannan ga yawan ruwan da za a sha. Mai aiki a cikin rana ana so ya sha kofi guda, kamar rubu'in lita, duk minti 15 zuwa 20, kada kuma ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. A bazarar Abeche ta Chadi, inda zafi kan haura digiri 40, lita 6 a yini ba ta yi yawa ba. A wata shida lita 1,080 ke nan. Duk dabarar da za ka zaɓa, ka auna ta da wannan lissafin, kada ka auna ta da kofi ɗaya.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, me dabarar take kashewa? Abokan gaba kashi uku ne, kuma girmansu ya bambanta ƙwarai. Akwai masu ƙwanso, wato jiyadiya da kirifto masu sa gudawa, manya ne, maikiron 4 zuwa 12 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), mataci na kama su cikin sauƙi amma suna da taurin kai a gaban kulorin. Akwai bakteriya irin ta kwalara da taifot, kamar maikiron 1 zuwa 3, kusan kowace dabara na maganinsu. Sai bairos, irin na ciwon hanta A da E, kusan maikiron 0.03, waɗanda suke ratsa yawancin matatai kamar yadda iska take ratsa zana.

Na biyu, bayan an gyara ruwan, yana da sauran kariya a jikinsa ko kuwa da hannu ya taɓa shi ya koma gidan jiya? Mutane da yawa ba sa kawo wannan a ka, alhali nan ne mafi yawan ɓarna take faruwa.

Sauran su ne kuɗi, ƙarko a cikin zafi da ƙura, wahalar aiki kullum bayan an dawo a gajiye, da hanyar da dabarar take lalacewa ba tare da ka sani ba.

Kafin komai, ruwan ya yi garau

Laka tana cinye kulorin, tana tare hasken rana, tana toshe mataci. Saboda haka ruwan wadi, wato rafin da yake ƙafewa da rani, ko na tabki sai an kwantar da shi. A zuba a bokiti a rufe ya kwana, a tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta da aka ninka. In ana sauri, alif kaɗan yana tattara lakar ta zauna ƙasa. 'Ya'yan zogale ma suna yi: a ɓare, a daka, kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya, a dama a motsa a bari awa ɗaya ko biyu. Matan ƙauyukan bakin Nilu a Sudan sun daɗe da sanin wannan. Sai dai ruwan da ya kwanta ya yi kyawun gani ne kawai, da sauran aiki a gabansa.

Tafasawa

Tana gamawa da dukan kashi ukun a lokaci guda, ko da ruwan bai yi garau sosai ba. Ruwan ya tafasa yana ɓulɓula sosai na cikakken minti ɗaya. In kana tudu mai tsawon fiye da mita 2,000, kamar tsaunukan Habasha, minti uku. Ƙananan kumfan da suke fara tasowa a gindin tukunya ba tafasa ba ne.

Kayan aikinta tukunya da wuta, ba abin da zai karye. Tsadarta a makamashi take. Lita 6 kullum za ta ci kilo biyu zuwa uku na gas a wata, abin da mai gida a birni zai iya ɗauka. A sansanin 'yan gudun hijira kuwa itace abin faɗa ne, mata kan yi doguwar tafiya cikin haɗari kafin su samo dami ɗaya, bai dace baƙon da ya zo taimako ya shiga layin masu cin wannan itacen ba.

Babbar matsalarta a ƙasar zafi ita ce hucewa. Tukunyar da aka sauke da hantsi ba za ta shawu ba sai yamma, kuma wanda ƙishirwa ta kama ba ya jira: zai ɗebi na famfo, ko ya jefa ƙanƙarar kasuwa a ciki, aikin ya tashi a banza. Maganin wannan a tafasa da daddare bayan isha'i, a bar shi a rufe a cikin tukunyarsa, da asuba a juye a jarka. Ba ya da sauran kariya ko kaɗan, don haka a shanye shi cikin yini guda. In ya yi salam a baki, a yi ta juya shi tsakanin mazubi biyu masu tsabta, iska ta shige shi.

Tafasawa ba ta cire gishiri, kanwa ko dafin ƙarfe daga ruwan rijiya. Ruwan da yake da ɗanɗanon ƙarfe ko warin mai, a canza rijiya.

Kulorin

Iri uku ake samu, kuma ba ɗaya suke ba.

Ƙwaya, irin su Aquatabs, ita ce ta fi dacewa da matafiyi. Girmanta iri-iri ne, wannan kuma shi ne tarkon farko: akwai ƙarama ta lita ɗaya, akwai mai miligiram 67 da aka saba jefawa a jarkar lita 20 ta ruwa garau, a ninka in ruwan ya ɗan dame. A karanta jikin takardar kowane lokaci, domin wanda ya jefa ta lita 20 a gorar lita ɗaya da rabi zai ƙona baki, wanda ya yi akasin haka kuma ya sha ruwan da ba a taɓa ba. A jefa, a rufe, a girgiza, a jira minti 30 cif. In aka buɗe, ya kamata a ji ɗan warin kulorin. In ba a ji ba, datti ya cinye shi, a ƙara wata a jira minti 15. A cikin ledarta ta azurfa takan kai shekara biyar ba ta lalace ba. Mai amfani da lita 10 a yini, har da goge baki da wanke kayan lambu, ƙwaya 90 irin ta lita 20 ta ishe shi wata shida, ba za su cika aljihun riga ba, kuɗinsu kuma ba ya taka kara ya karya.

Na ruwa, irin WaterGuard da aka sani a Najeriya, murfi ɗaya ga jarka ɗaya. Yana aiki, amma zafi na rage masa ƙarfi. Kwalbar da ta yi wata uku a shagon kwano ba ita ce wadda ta fito daga kamfani ba. Haka ma bilic na wanki, wanda masu Faransanci suke kira javel: in marar turare ne kuma ƙarfinsa kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ɗigo biyu a lita. Amma javel ɗin kasuwa ƙarfinsa ya sha bamban, wani ma an sirka shi, don haka ni ba na sa shi a lissafi sai ranar da babu komai.

Na uku garin P&G, ƙunshi mai giram 4 ga lita 10, wanda ya haɗa mai kwantar da laka da kulorin wuri guda. A motsa minti biyar, a bari minti biyar, a tace da ƙyalle, a jira minti 20. Ga ruwan damina mai launin koko, babu kamarsa, sai dai yana son bokiti biyu da haƙuri.

Fifikon kulorin a kan kowace dabara shi ne yana zama cikin ruwan yana gadi. Ko da ɗan datti ya faɗa jarkar da rana, akwai mai tarbarsa. A zafi wannan gadin ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu, kada a tara na mako. Rauninsa kuma kirifto: kulorin na yau da kullum ba ya kashe shi, jiyadiya ma sai an ba shi lokaci mai tsawo. Inda dabbobi suke shan ruwa tare da mutane, kamar yawancin tabkunan Sahel, wannan raunin ba ƙarami ba ne. Akwai ƙwayar kulorin dayoksaid mai iya kashe kirifto, amma sai ta yi awa huɗu, kuma ta fi tsada nesa ba kusa ba. Aidin kuwa a bar shi; bai dace da mai ciki ko mai ciwon maƙoƙo ba, bai kuma dace a yi watanni ana sha ba.

Warin ne yake sa wasu su daina. A bar jarkar a inuwa awa ɗaya bayan minti talatin ɗin, ko a matsa lemun tsami a kofi lokacin sha. A kofi, ba a jarka ba, domin lemun yana kashe kulorin ɗin.

Mataci

Nan ne aka fi yaudarar mai saye, don haka lamba ɗaya za a nema a jikin kwali: girman ƙofar tacewa. Ƙananan matatai na aljihu irin Sawyer Mini, mai maikiron 0.1, da LifeStraw na mutum ɗaya, mai 0.2, suna tare bakteriya da masu ƙwanso tas. Bairos kuwa wucewa yake yi. Sun fi dacewa da masu yawon daji a Amurka da Turai, inda ƙorama ba ta cika haɗuwa da bayan gidan mutane ba. A sansanin da mutum dubbai suke kewaye da masai, bairos ɗin hanta shi ne abin tsoro, kuma wannan matacin bai san da shi ba. Kuɗinsa dala 25 zuwa 40.

Masu tare bairos sai ƙofarsu ta kai maikiron 0.02, kamar LifeStraw Family da ake ratayewa, ko famfon hannu na MSR Guardian wanda ya haura dala 350. Akwai kuma mataci na kyandir, bokiti biyu ɗaya bisa ɗaya da kyandir ɗin yumɓu a tsakiya, wanda ake samu a kasuwannin manyan birane. Yana ɗiga lita ɗaya zuwa uku a awa, yana son a riƙa goge kyandir ɗin da soso mai tsabta ba sabulu, kuma shi ma ba a dogara da shi kan bairos.

Daɗin mataci shi ne ruwa nan take, babu wari, babu jira. Lalacewarsa iri biyu ce. Ta farko toshewa: laka da farar ƙasar ruwan burtsatse suna cike ƙofofin. Maganinta a tura ruwa mai tsabta ta baya da sirinjin da ya zo da shi, duk bayan kwana biyu ko uku, in ya ƙi a jiƙa shi a ruwan kal na awa ɗaya. Ta biyu ita ce mai haɗari: tsagewa. Matacin da ya faɗi a siminti, ko kyandir ɗin da ya yi tsaga kamar gashi, zai ci gaba da ba da ruwa mai kyawun gani. In matacin da ya saba ɗiga ya wayi gari yana zuba shaa, ruwa ba ya tsami banza, a ajiye shi. Kuma kada bakin da ruwa mai tsabta yake fita ya taɓa jikar bakin da yake shiga. A sa kowanne a ledarsa.

In za a haɗa mataci da kulorin, kuma haɗawar ita ce shawarata, a tace tukuna sannan a sa kulorin. Mataci mai gawayi a ciki yana tsotse kulorin, in aka juya tsarin an rasa mai gadi.

Hasken rana da fitilar UV

Shanya ruwa a rana, dabarar da ake kira SODIS, kyauta ce. A sami gorar roba fara mai haske, irin ta ruwan kanti, wadda ba ta wuce lita biyu ba, a cire takardar jikinta, a cika, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa shida cikin rana sosai. In akwai gajimare, kwana biyu. Gwajin haskenta: ɗora gorar a kan babban rubutun jarida ka leƙa ta baki, in kana iya karantawa ruwan ya isa. Ƙasar zafi ta dace da ita, amma hazon hunturu na rage hasken da ake buƙata ko da jiki yana jin zafi, gorar da ta goge ta yi fari-fari kuma sai a canza. Lita 6 na nufin gora huɗu a kan rufi da huɗu a ɗaki kullum, ga shi ruwan yana saukowa da zafi.

Fitilar UV ta hannu, mai fitar da hasken da yake kashe ƙwayoyin cuta, irin SteriPEN, tana gama lita ɗaya cikin daƙiƙa 90, har da bairos da kirifto. Kuɗinta dala 70 zuwa sama da 100. Ga ruwan famfon otal tana da kyau. Ga aikin karkara ba na yaba ta: tana son caji, ƙwan fitilar na fashewa, ruwa mai laka kuma yana makantar da ita.

Ruwan saye

Gorar lita ɗaya da rabi huɗu a yini, gora 720 ke nan a wata shida, ban da dakonsu da tarin robar da za a bari. A babban birni abu ne mai yiwuwa, in aka duba hatimin murfi, domin akwai masu sake cika tsohuwar gora. A garin kan iyaka kuwa, ranar da damina ta cika wadi ta tare mota, shago ya bushe. Fiya wata ya fi araha, amma ingancinsa ya danganta da kamfanin da ba ka sani ba, kuma ledar da kake yagewa da haƙori ta bi hannaye da yawa kafin ta iso bakinka. A wanke ta, a yanke da almakashi.

| Dabara | Bakteriya | Bairos | Kirifto | Sauran kariya | Kuɗi | Inda take ba da kunya |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tafasawa | e | e | e | babu | gas ko gawayi kullum | jinkirin hucewa |
| Ƙwayar kulorin | e | e | a'a | akwai | kaɗan ƙwarai | ruwa mai laka, kuskuren awo |
| Mataci 0.1 zuwa 0.2 | e | a'a | e | babu | dala 25 zuwa 40 | toshewa, tsagewa |
| Mataci 0.02 | e | e | e | babu | mai tsada | nauyi, kayan gyara |
| Shanya a rana | e | galibi | da rauni | babu | kyauta | hazo, gajimare |
| Fitilar UV | e | e | e | babu | dala 70 zuwa sama | caji, fashewa |
| Ruwan saye | ya danganta | ya danganta | ya danganta | babu | mafi tsada | yankewar hanya, jabu |

Randa, moɗa da sauran ƙofofin baya

Randa na sanyaya ruwa fiye da komai inda babu firji, amma moɗar da kowa yake tsomawa da hannu ita ce take mayar da gyararren ruwa gurɓatacce. A ajiye ruwan sha a jarka mai ƙaramin baki ko bokiti mai famfo. In ana son sanyi, a naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhun algarara a sa ta inda iska take ratsawa, ko a tsoma rufaffun gorori a cikin randar. A wanke jarka da ruwan kulorin kowane mako.

Kurkurar baki a alwala da goge haƙori a yi su da ruwan da aka gyara. Shayi mai zafi ba shi da matsala. Zoɓo, wanda ake kira karkanji a Chadi da karkade a Sudan, dafa shi ake yi amma da ɗanyen ruwa da ƙanƙara ake sirka shi. Mai azumi ya tanadi lita uku zuwa huɗu tun la'asar, ya raba su tsakanin buɗa baki da sahur. Fitsari ne ma'auni: in ya yi ja kuma ya ragu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki.

Ranar da gudawa ta zo duk da haka, ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta gyararren ruwa, a zubar da ragowar bayan awa 24. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi tozo. Jini a bayan gida, zazzaɓi, zawo fari kamar ruwan shinkafa, ko idon da ya koma rawaya, waɗannan na likita ne a ranar.

Wa zai ɗauki wanne

Malami ko likitan da aka ba gida a birni, da famfo da gas, na shekara ɗaya ko biyu: tafasawa da daddare, da mataci na kyandir in ruwan famfon yana zuwa da tsaki. Ya ajiye ƙwayar kulorin don ranar da gas ya ƙare.

Mai aiki a sansani, inda tanka take kawo ruwa: ya fara tambayar masu kula da ruwa ko suna sa kulorin kuma nawa ya rage a bakin famfo, abin da ake nema miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, fiye da haka lokacin kwalara. In awon ya kai, mataci na aljihu ya ishe shi don kirifto. In bai kai ba, mataci sannan ƙwaya.

Mai yawo ƙauye-ƙauye, kamar masu allurar rigakafi, yau rijiya gobe tabki: mataci na aljihu da sirinjinsa, ƙananan ƙwayoyin lita ɗaya, da ƙunshin P&G goma don damina. Gora biyu, ɗaya ana sha ɗaya tana cika minti talatin ɗinta.

Mai ciki, ko wanda garkuwar jikinsa take da rauni: tafasawa, ko mataci mai 0.02 da kulorin a bayansa. In yankin ana fama da ciwon hanta nau'in E, mai ciki ta nemi a canza mata wurin aiki.

Mai zuwa mako biyu ko uku, masauki a otal: ruwan gora mai hatimi, da fitilar UV ko ƙwaya ashirin a jaka.

Wanda kuɗin guzurinsa bai kai sayen mataci ba: ya kwantar da ruwa da alif ko zogale, ya tace da ƙyalle, ya sa kulorin, ranar da kuma aka samu wuta ya tafasa na gobe.